Ragon Kwamared

A wani dogon bene da ke lungun masu gyaran tuktuk, wato adaidaita-sahu, a Ard al-Liwa, inda Hausawa suka kama hawa biyar cikin shida, akwai wani mutum ana ce masa Kamilu. Karatu ya kawo shi Masar. Waɗanda suka shigo jirgi ɗaya da shi duk sun gama sun koma gida, wasu har sun yi tumbi, shi kuwa kullum aka tambaye shi sai ya ce, "Saura ƙiris." Babban abin taƙamarsa Larabci. Yakan ce in yana magana a waya, Misirawa kan tambaye shi ɗan wace unguwa ne a Alƙahira. Alhali abin da suke tambaya shi ne, "Me ka ce?"

Kowace la'asar yana ahwa, wato shagon shayin bakin titi, kusa da wani tsohon injiniya, Ammu Alaa, wanda ya yi karatu a Tarayyar Sobiyat zamanin samartakarsa. Tsohon ba ya gajiya da labarin can: yadda gwamnati ce ke yanke yawan takalma da cokulan da za a ƙera a shekara, yadda mutum kan bi layi cikin ƙanƙara, ya iso gaba a ce masa burodi ya ƙare, sai dai in yana son maɓallin riga. Yana faɗa yana girgiza kai. Kamilu kuwa rabin zancen yake tsinta. Ya ji "tsari", ya ji "kowa daidai", ya ji "shekara biyar". Girgiza kan tsohon kuma ya ɗauka kewar ƙasar ce ke damunsa.

"Mutanen nan sun gama gano duniya," in ji shi ga 'yan gidan. Ya dame su da zancen har suka laƙaba masa Kwamared, shi kuma ya karɓa hannu biyu.

Uban gidan shi ne Alhaji Issa, ɗan kasuwa mutumin Maraɗi. Biki ko suna ko rasuwa, shi ke tsayawa. Da tafiya gida ta kama shi, sai ya miƙa wa Kamilu mabuɗin ɗakin tanki da ke saman bene, ya ce ya riƙa leƙawa kada ruwa ya yi ambaliya. Alhaji bai daɗe da tashi ba Rabi'atu, matar wani ɗalibi mai suna Harun, ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace. Haihuwar fari ce. Surukin Harun kuma ya bugo daga Zariya ya ce shi da dangi kaf za su kalli sunan ta waya, su ga irin zaman da 'yarsu ke yi a Masar.

Harun ya zauna a matakala ya rafka tagumi.

"Alhaji ba ya nan. Wa zai tsaya mini?"

Kamilu ya daki ƙirji. "Kana zaune gida ɗaya da ni kake wannan tambayar? Tara mini jama'a."

Aka taru a matakala bayan magariba. Kamilu ya hau kan wata tukunyar gas da ta ƙare, ya gyara hula.

"Jama'a, na zagaya gidan nan na ga ɓarna. Murhu biyar, tukunya biyar, albasa biyar tana soyuwa a lokaci guda! Daga yau an daina. Za mu shiga shirin shekara biyar, amma saboda gaggawa za mu kammala shi kafin suna."

Hajiya Ummul-Khairi, matar Alhaji Issa, ta ce, "Kai da ka kasa gama karatun shekara huɗu a shekara tara?"

"Hajiya, wancan ba ni na tsara shi ba." Ya ɗaga mabuɗi sama. "Ga amanar da Alhaji ya bar mini."

"Mabuɗin ɗakin tanki ya ba ka, ba na Aljanna ba."

Bai kula ta ba. Ya ce duk tukwane da tukunyar gas da wuƙaƙe a kai su ɗakin tanki, daga can za a riƙa rabawa. Aiki kuma ba za a duba wanda ya iya ba, don kada wani ya ji ya fi wani. Hawa na biyu su ne shinkafa. Na uku shayi. Gwaurayen hawa na huɗu, su Nafi'u, waɗanda ko ƙwai ba su taɓa soyawa bai kama ba, su ne miya da ƙosai. Gishiri na hawa na biyar, ashana ta hawa na ɗaya. Hajiya kuwa, wadda ake tasowa tun daga Madinat Nasr a ci dambunta, aka ba ta kaɗe tabarmi.

"A ina aka rubuta wannan tsari?" in ji Nafi'u.

Kamilu ya nuna kansa. "Nan."

"To, Allah ya sa akwai wuri," in ji Hajiya.

Da ba za a yarda ba, amma Harun ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ido kamar zai yi kuka. Don mai jego aka haƙura. Aka yi ta hawa da tukwane ana nishi.

Washegari da safe kowa ya fito da kofinsa zai karɓi ruwan zafi. Ɗakin tanki a kulle. Kwamared ya yi sammakon zuwa kasuwar Ataba tayin kujeru, mabuɗi na aljihunsa. Aka tsaya a ƙofa. Na baya ya tsaya bayan na gaba, layi ya gangaro daga saman bene har ƙofar gida. Wata Bamisiriya da ke wucewa da kwandonta ta ga layi ta shiga. Mai gyaran tuktuk ya ajiye sifana ya shiga. Kafin hantsi layi ya sha kwana ya kai bakin masallaci, ana ta raɗe-raɗin wai wata ƙungiya ce ke raba mai da sukari. Har faɗa aka yi kan wani ya tsallake layi.

Ammu Alaa ya zo wucewa da sandarsa. Yana ganin layi, ƙafarsa ta kai shi da kanta, ya zaro wata 'yar jakar raga daga aljihu ya riƙe.

Nafi'u ya ce, "Ammu, ka san abin da ake bayarwa?"

"Ya ibni, a inda na yi karatu, layi ake fara kamawa, tambaya daga baya."

Sai ga Kamilu ya sauko daga tuktuk. Ya dubi layin tun daga farko har ƙarshe, ya cire hula ya yi fifita.

"Kun gani? Kwana ɗaya tak, har Misirawa sun karɓi tsarin!"

Da aka gano ruwan zafi ake jira, shi ma ba a ɗora ba, sai da Isam, bawwabin gidan, wato mai tsaron ƙofa, ya tura Kamilu ɗakinsa ya rufe, ya fito yana ba mutane haƙuri: "Ma'alish, ya jama'a, ma'alish, baƙo ne, rana ce ta taɓa shi."

Daga ranar rayuwa ta zama hawa da sauka. Mai son dafa ƙwai sai ya hau sama ya roƙi tukunya, ya sauko ƙasa ya karɓi ashana, ya koma hawa na biyar neman gishiri, kafin ya dawo an ba wani murhun. Yara suka fara kiran abincin rana da "in Allah ya yarda". Mai jego ma da ba don Hajiya na saɗaɗa mata kunu a cikin butar alwala ba, da abin ya yi muni.

Shi kuwa Isam, da ya ga haka, sai ya jawo ɗan risho ya kafa a ƙarƙashin matakala, ya rataya bargo ya kare. Nan kasuwa ta buɗe. 'Yan hawa na biyar su kawo gishiri a ƙullin leda su karɓi ashana. 'Yan shinkafa su ba da gwangwani ɗaya a ara musu wuƙa. Kowa in zai shiga sai ya waiga hagu da dama.

Labari ya kai kunnen Kwamared. Ya tara jama'a ya ce duk wanda aka kama a bayan bargon nan maƙiyin al'umma ne. Da yamma Hajiya ta ɗaga bargon za ta karɓi garwashin turare, sai ga Kwamared a tsugune, kofin shayi a hannu, baki cike da burodi.

"A'a! Maƙiyin al'umma, barka da hutawa."

Ya haɗiye da ƙyar. "Bincike nake yi, Hajiya."

"Da sukari nawa ake binciken?"

Isam ya ɗaga yatsu huɗu.

Ana saura kwana biyu suna, Kwamared ya ce a yi gwajin ƙosai. Ya ba su Nafi'u wake da mai ya ce kilo biyar yake so, ba ragi. Gwaurayen suka dubi ƙullu, suka dubi wahalar tsoma shi cokali-cokali, sai suka juye shi gaba ɗaya cikin babbar tukunya. Aka fito da ƙosai ƙwaya ɗaya, girmansa kamar matashin kai, bayansa baƙi ƙirin, cikinsa ɗanye sharaf. Mutum biyu suka ɗauko shi a faranti.

"Mene ne wannan?"

"Kilo biyar," in ji Nafi'u. "Har da ɗori. A kawo sikeli."

"Ba nauyi nake nufi ba! Yawa! Guda ɗari biyar nake so!"

"Tamam."

Bayan awa ɗaya suka dawo da ɗan kwano. A ciki ƙosai ne kamar ƙwayar gero, da matacin shayi aka tsamo su daga mai.

"Ɗari biyar da goma sha biyu. Mun wuce abin da aka yanka mana. Babu lambar yabo?"

Kamilu ya ɗauki ɗaya, ta maƙale a haƙorinsa. Ya yi musu lacca mai tsawo a kan kishin al'umma, har Nafi'u ya yi gyangyaɗi a tsaye. Daga nan kowa ya gane hanyar tsira. In Kwamared ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Ina aka kwana?" sai a ce, "Tamam, komai ya kammala," ya wuce. Hawa na biyu tamam. Na uku tamam. Na huɗu tamam da rabi. Daɗi ya kama shi, ya shiga dandalin ɗaliban Najeriya da Nijar na waya ya saki murya: kowa da kowa ya zo, abinci sai an ture.

Harun ya same shi. "Malam Kamilu, ragon fa? Ga abin da na tara, har da na Baba da ya aiko."

"Rago aikin shugabanci ne. Kawo nan."

Isam ya ce yana da ɗan'uwa mahauci a bayan layi. Kamilu ya ce shi ba ya harka da 'yan tsakiya, daga tushe zai saya. Ya tare wani mai tuktuk ya tambaye shi wa ke da kaya mafi kyau a duk Giza, aka ba shi lamba. Ya tsaya a ƙofar gida inda kowa zai ji, ya buɗe murya.

"Alo! Kharshuf nake so! Babba! Mai ƙiba!"

Isam ya ɗago kai. "Ya ustaz..."

Kamilu ya ɗaga masa hannu. Daga can mutumin ya yi wata doguwar tambaya da sauri irin na 'yan kasuwa. Kamilu bai kama ko kalma ɗaya ba.

"Tamam, tamam. Na duka kuɗin. Yalla!"

"Ya ustaz, ka ce..."

"Isam, ka tsaya ga tsintsiyarka. Larabcin littafi ne, ya fi ƙarfinka."

Isam ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da shara. Kamilu ya tura kuɗi ta waya.

Ranar suna lungu ya cika maƙil. Ɗalibai suka yi ta sauka daga ƙananan bas-bas, daga Madinat Nasr, daga Giza, wasu ko karin kumallo ba su yi ba saboda alkawarin Kwamared. Liman ya zauna a gaba. Aka jingina waya a kan kujera, ga surukin Harun cikin babbar riga, bayansa dangi sun yi cincirindo suna leƙe. Kamilu ya sha shadda, ya ɗaura jan ƙyalle a dantse.

Ya tafa hannu. "Shinkafa ta fito!"

'Yan hawa na biyu suka sauko da buhu a ɗaure yadda aka ba su.

"Ba ku dafa ba?"

"A me? Tukunya tana wurin 'yan miya."

"Miya ta fito!"

Su Nafi'u suka kawo tukunya cike da tumatir da ruwan sanyi. "Murhu yana wurin 'yan shayi."

'Yan shayi suka ce murhu kam suna da shi, har biyar, amma ashana tana ƙasa, 'yan ƙasa kuma sun musanya ta da gishiri. 'Yan gishiri suka ce su ba su da matsala, sun shirya tsaf, ga gishiri nan in akwai mai so.

"Ba ku kuka ce mini tamam ba?"

"Ai ba ka tambayi mene ne tamam ɗin ba," in ji Nafi'u.

Daga cikin waya suruki ya matso da fuska. "Haruna, lafiya? Na ga kamar ana gardama."

"Al'adar nan ce, Baba," in ji Harun, gumi na bin wuyansa.

Kamilu ya hau kujera. "Jama'a, a kwantar da hankali! Wannan ƙaramin tsaiko ne. Rago na hanya. Ragon da ba a taɓa ganin irinsa a Ard al-Liwa ba! In ya iso, ko mahauci sai ya nemi taimako!"

Bai rufe baki ba aka ji ƙararrawa. Keken jaki ya kunno kai cikin lungu, an lulluɓe kayansa da buhuna, tsayin lodin ya fi mutum. Mai keken yana ihu, "Ina ustaz Kamil?"

Ɗalibai suka yi kabbara. Wani ya ce wannan ai ba rago ba ne, raƙumi ne. Kamilu ya ɗauki wayar suruki da kansa ya kai ta gaba. "Baba, buɗe ido da kyau."

Mai keke ya kwance igiya ya ɗaga keken. Wasu korayen abubuwa masu ɓawo-ɓawo, kamar ƙananan abarba masu ƙaya, suka zubo ruu, suka gangara ƙarƙashin kujeru, suka rufe takalman liman.

Jaki ya sunkuya ya ɗauki ɗaya.

"Ina ragon?" in ji Kamilu. Ya leƙa ƙarƙashin keken.

"Wane rago? Kharshuf ka ce. Babba, mai ƙiba. Na tambaye ka na miya ko na dafawa da nama, ka ce tamam."

Isam ya dafa tsintsiyarsa ya yi wa taro bayani a hankali. Rago dai sunansa kharuf. Wannan kayan lambun shi ne kharshuf.

"Harafi ɗaya ne fa kawai!" in ji Kamilu.

"Harafin nan shi ya cinye ƙafa huɗu da ƙaho," in ji Hajiya.

Daga Zariya aka ji muryar wata tsohuwa: "Wai me ya zubo? Ni ban ga jela ba."

Liman ya ɗauki ɗaya ya jujjuya shi, ya ce shi dai a iya karatunsa bai ga inda aka ce a fuskantar da wannan alƙibla ba. Nan dariya ta ɓarke. Wasu suka faɗo daga kujera. Misirawan da ke leƙe ta taga suka kama tafi. Harun kaɗai ya zauna a bakin keken ya rufe fuska da hula.

Hajiya ta dube shi, ta ɗaure gyale a ƙugu. Ta miƙa wa Kamilu tafin hannu. Ya sa mata mabuɗi.

"Nafi'u, ku sauko da tukwanen mutane, kowa ya ɗauki tasa. Isam, faɗa wa matan unguwa akwai kharshuf, amma ba na kyauta ba ne. Abinci muke so, dafaffe."

Ashe kayan marmari ne a wurinsu, ga shi masu kyau ne na gaske. Kwanduna suka fara saukowa daga tagogi da igiya. Wata Madam Eman ta hawa na shida ta ba da agwagi biyu da tiren makaroni. Mai koshari, wato dafa-dukan shinkafa da taliya, na bakin titi ya turo babbar tukunya. Aka kawo ful, wato dafaffen wake, aka kawo burodi a kan keke. Ɗan'uwan Isam mahauci ya zo ya zagaya sauran tarin, ya ce matarsa na sayar da kayan lambu, zai karɓa ya ba da rago, a cika masa wani abu. Ɗalibai suka zagaya da hula. Aka jawo wani rago siriri mai tari, amma dai rago ne, da ƙafafunsa da jelarsa. Aka ɗaga shi gaban waya, Zariya ta yi guɗa.

Sai bayan la'asar aka raɗa suna, Nana Khadija. Harun ya yi ta share ido yana dariya. Suruki ya ce shi bai taɓa ganin sunan da unguwa guda ta kawo abinci ba, lallai 'yarsa tana cikin mutane.

Kamilu na jin haka ya matso. "Ai Baba, wannan shi ne mataki na biyu na tsarin. Da gangan na..."

Hajiya ta kama hannun rigarsa ta zaunar da shi a kan tabarma. Ta dire masa faranti, kharshuf uku a kai, ɗanyu, da ƙayarsu.

"Ga rabon shugabanci."

Ƙamshin nama na tashi, kowa ya bar cin abinci ya zuba masa ido. Kamilu bai san ɓare shi ake yi a dafa zuciyar ba, kuma ya fi ƙarfin ya tambaya. Ya yi bisimilla ya gatsa ta saman. Ƙaya ta soke shi a leɓe, idonsa ya kawo ruwa. Ya yi ta tauna, abu ya ƙi taunuwa.

"Kwamared," in ji Nafi'u, yana sakace da tsinke, "yaya naman?"

Kamilu ya zaro wani zare daga haƙorinsa, ya dube shi, ya gyaɗa kai irin na masana.

"Rago ne sosai," ya ce. "Tsarinsa ne bai kammala ba."